MUDU AKE SAYA KO GUDU? LISSAFIN DATAR WAYA A ƘASAR AJINGI

A duk ƙarshen wata, da zarar albashi ya shiga, akwai wata 'yar shawara da ma'aikacin gwamnati a Ajingi yakan yi da zuciyarsa wadda iyayensa ba su san ta ba. Bayan ya ware kuɗin hatsi da na cefane da na makarantar yara, sai ya ɗauko wayarsa ya buga *312#, nan take jerin ƙunshin data ya bayyana a gabansa: ga na yini guda, ga na mako, ga na wata, ga na tsakar dare. A waje ɗaya kuma tallace-tallacen kamfanoni a rediyo da allunan bakin titi suna ta kwarzanta 4G da 5G, suna nuna masa cewa duk wanda bai koma kansu ba jirgi ya bar shi a tasha. Ɗalibin da ya zo hutu daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, shi ma wannan shawara ce a gabansa, sai dai aljihunsa ya fi na ma'aikacin rashin nauyi.

Tambayar da ke gabansu ita ce, shin ya dace mutum ya ƙara kuɗi don neman sauri, ko kuwa ya haƙura da na sannu a hankali ya tsimi kuɗinsa? Kafin a iya amsa ta, wajibi ne a raba abubuwa biyu waɗanda masu talla suke so a cakuɗa, watau yawan data da kuma saurin tafiyarta.

Yawan data shi ne mudu. Ana auna shi da mega da giga, kuma giga ɗaya kimanin mega 1,000 ne. Sauri kuwa shi ne gudu, ana auna shi da megabit a cikin daƙiƙa guda, kuma sai an tara megabit 8 sannan a sami mega ɗaya. Wanda ya taɓa sayen ruwa a hannun ɗan garuwa ba zai sha wuyar gane bambancin ba. Jarka ɗaya jarka ɗaya ce, ko bakinta mai faɗi ne ko matsattse. Bambancin kawai shi ne tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ta juye cikin randa. To, galibin ƙunshin da kamfanonin waya suke sayar wa mai wayar hannu a Nijeriya jarka ce suke sayarwa tare da wa'adin kwanaki. Ba su ɗaukar alkawarin faɗin bakinta. Saurin da mutum zai samu yana rataye ne a kan abubuwa uku da ba su cikin jerin farashi: ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da shi, irin wayar da ke hannunsa, da yawan jama'ar da suke ja daga wannan ƙarfe a lokaci guda.

YADDA AKA FARO

Ba a daɗe da fara wannan lissafi ba. Kafin 2001 duk layukan tarho da ke ƙasar nan, waɗanda kamfanin NITEL yake riƙe da su, ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke. Mutumin Ajingi da ke da saƙon gaggawa sai dai ya shiga mota ko ya bayar da sallahu. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar hannu a kan Dala miliyan 285 kowane ɗaya, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, Globacom ya biyo baya a 2003. Wannan shi ne zamanin 2G, na magana da gajeren saƙo.

A 2007 aka bayar da lasisin 3G ga kamfanoni huɗu a kan Dala miliyan 150 kowanne, ciki har da kamfanin Alheri na Alhaji Aliko Ɗangote. Manyan kamfanoni suka soma buɗe 4G daga 2016. A watan Disambar 2021 aka yi gwanjon 5G, MTN da Mafab suka cinye a kan Dala miliyan 273.6 kowannensu, kuma birnin Kano yana cikin garuruwa bakwai da MTN ya ambata a zangon farko cikin 2022. Amma duk da wannan hayaniya, alƙaluman NCC na 2025 sun nuna cewa layukan da ke kan 5G ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, alhali kuwa wajen kashi 40 cikin 100 suna nan a kan tsohon 2G.

Dalilin da ya sa sabon abu yake tsayawa a birni ba ɓoyayye ba ne. Ƙaramar Hukumar Ajingi, wadda take gabashin Jihar Kano a cikin Masarautar Gaya, tana iyaka da Jihar Jigawa, faɗinta murabba'in kilomita 714 ne, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 174,137, a warwatse cikin mazaɓu goma, irin su Balare da Chula da Dundun da Gafasa da Gurduba da Kunkurawa da Toranke da Unguwar Bai. Ƙaramar Hukumar Fagge da ke cikin birni kuwa tana da kusan mutum 200,000 a wannan ƙidaya, a cikin fili kimanin murabba'in kilomita 21 kacal. Ke nan ƙarfe ɗaya a Fagge yana iya ciyar da dubban masu saye waɗanda suke cunkushe a gindinsa, a Ajingi kuwa sai an kafa ƙarafa da dama, kowanne da injin wutarsa da man dizal da mai gadi, kafin a kai ga adadin nan. Kamfani ɗan kasuwa ne, inda riba take can yake fara zuwa.

Akwai kuma dalili na kimiyya. Zangon iskar da 5G yake tafiya a kai a ƙasar nan, watau gigahaz 3.5, yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, kuma bango da itatuwa suna rage masa ƙarfi. Ƙananan zanguna irin su megahaz 700 da 800 da 900 su ne suke ratsa gonaki su kai ƙauyuka masu nisa. Saboda haka wanda ya je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya narka kuɗinsa a wayar 5G, ya biyo ta Wudil da Gaya ya dawo gida, yana iya tarar da cewa abin da ya biya kuɗi dominsa ya tsaya a baya tun kafin ya haye gadar Wudil.

ƘARAMIN HARAFI MAI BABBAN LABARI

A can saman fuskar kowace babbar waya, kusa da sandunan sabis, akwai ɗan harafin da yawancin jama'a ba su kula da shi, alhali ya fi kowace talla faɗin gaskiya. Idan ya nuna E, to wayar tana kan 2G, saurinta bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na megabit ba. Idan H ne ko H+, tana kan 3G, ana iya samun megabit ɗaya zuwa 'yan kaɗan. Idan 4G ne ko LTE, ana iya samun goma ko fiye, in dai ƙarfen bai cika ba.

A ɗauki takardar karatu mai nauyin mega 5, irin wadda malamin jami'a yakan tura wa ɗalibansa a zauren WhatsApp. A kan E za ta ɗauki minti 3 da ɗoriya kafin ta sauka, in har ba ta katse a hanya ba. A kan megabit 2 daƙiƙa 20 ce. A kan megabit 10 daƙiƙa 4. A kan megabit 100 kuwa ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Mai karatu ya dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Daga E zuwa megabit 2 an ceto wa ɗalibi minti 3 cur, amma daga megabit 10 zuwa 100 abin da aka ceto masa bai kai lokacin kurɓar shayi ba. Amfanin sauri duk yana tattare ne a matakan farko. Daga nan sai ya zama ado.

Haka abin yake a sauran hidimomin yau da kullum. Rubutaccen saƙo nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Saƙon murya na minti guda, wanda shi ne wasiƙar mutanen karkara a wannan zamani tun da ba ya bukatar iya rubutu, bai kai rabin mega ba. Kiran murya ta WhatsApp ba ya cin mega ɗaya a minti. Tura kuɗi ta lambobin banki masu tauraro ma ba ya bukatar data ko kaɗan, a kan 2G yake tafiya, shi ya sa ƙaramar waya mai madannai ta ƙi mutuwa. Duk waɗannan, megabit 2 ko 3 masu ɗorewa sun wadace su har da saura.

INDA DATA TAKE ZURAREWA

Kukan da aka fi ji daga bakin waɗanda suka koma 4G shi ne data ta daina albarka. Mutumin da giga 2 take kai shi ƙarshen wata a da, yanzu kafin mako ya zagayo ta ƙare, sai ya ɗauka kamfani ne yake yi masa ƙwange. Koke-koken sun yi yawan da a 2024 Hukumar NCC, ƙarƙashin shugabanta Dokta Aminu Maida, ta sa aka binciki tsarin cajin kamfanonin, kuma bayanin da ta fitar ya ɗora yawancin laifin a kan manyan wayoyin zamani da abubuwan da suke yi a ɓoye ba da sanin mai su ba. Ko mutum ya gamsu da wannan bayani ko bai gamsu ba, akwai lissafin da ba ya bukatar a yarda da kowa.

Manhajojin kallo irin su YouTube da Facebook da TikTok an gina su ne a kan su auna saurin layi sannan su zaɓi kyan hoton da ya dace da shi. In layi yana jan ƙafa sai su aiko da hoto mai ɗan dishi-dishi, in yana gudu sai su aiko da mai sheƙi, ba tare da sun nemi izini ba. Ma'aunin da YouTube ya bayar shi ne, hoto mai lamba 360 yana bukatar megabit 0.7, mai lamba 720 yana bukatar 2.5, mai lamba 1080 kuwa 5. In aka juya wannan zuwa mudu, kallon awa guda a 360 zai ci kimanin mega 315, a 720 kimanin mega 1,125, a 1080 kuwa kimanin mega 2,250. Watau giga ɗaya da za ta kai mutum awa 3 yana kallon karatun tafsiri ko fim ɗin Hausa, ita ce kuma za ta ƙare kafin rabin awa idan waya ta zaɓi babban hoto. Maganar malamin ba ta canja ba, labarin fim ɗin ma bai canja ba.

Ban da wannan, layi mai gudu yana sa waya ta riƙa sauke bidiyo na gaba tun ba a kai gare shi ba, wanda wataƙila ma ba za a kalla ba. Ga kuma hotuna da bidiyon da suke sauka da kansu daga zaurukan WhatsApp, na 'yan ajinmu da na 'yan unguwa da na ƙungiyar ma'aikata, sau da yawa bidiyo ɗaya ne yake zagayowa ta ƙofa uku. A zamanin E jinkiri da kansa shi ne mai gadin rumbu, domin kafin abu ya sauka mutum ya gaji ya kashe. Da sauri ya zo sai aka sallami mai gadin.

Maganin wannan ba ya bukatar ko kwabo. A cikin kowace manhajar kallo akwai wurin da ake ƙayyade kyan hoto, a tsayar da shi a 360 ko 480. A WhatsApp a hana hotuna da bidiyo sauka sai an taɓa su. A hana waya sabunta manhajojinta da datar layi. Wanda ya yi waɗannan uku ya sami saurin 4G da cin 3G.

AMMA JINKIRI MA YANA DA TSADA

Kada a ɗauka daga abin da ya gabata cewa gara kowa ya zauna a kan E. Akwai ayyukan da jinkiri yake lalatawa gaba ɗaya, kuma su ne waɗanda suka fi shafar ma'aikaci da ɗalibi. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungurungum, duba gurbin karatu da biyan kuɗin makaranta da rajistar kwasa-kwasai duk sun koma intanet, haka ma neman aikin gwamnati da neman tallafin karatu. Irin waɗannan shafuka suna da wa'adin jira; in amsa ba ta zo da wuri ba sai su rufe, mutum ya koma farko ya sake cike fam. Manhajojin banki ma haka suke, kuma duk wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin Naira, ya san abin da ake nufi idan aka ce an cire kuɗi daga asusu amma ba su isa ga mai kaya ba.

A nan ne ake gane wani sirri da talla ba ta faɗa. Saurin da ake yayatawa na saukewa ne, na ɗorawa kuwa kullum ya fi shi ƙanƙanta. Ƙarfen sabis yana da babbar murya, waya kuwa muryarta ƙarama ce, saboda haka mutumin da ke nesa yana iya jin ƙarfen amma ƙarfen bai ji shi ba. Shi ya sa ɗalibi a ƙauye zai ga sanduna biyu ko uku a wayarsa, saƙonni suna shigowa, amma hoton takardar shaidarsa ya ƙi tafiya. Sayen babban ƙunshi ba ya gyara wannan. Abin da ke gyara shi shi ne fita daga ɗaki mai rufin kwano, ko matsawa kusa da gari, ko sauya layi.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Ƙarfe ɗaya kamar famfon burtsatse ne na unguwa, duk wanda ya zo da bokiti da shi za a raba. Daga bayan Magariba zuwa wajen ƙarfe 10 na dare, sa'ad da kowa ya dawo daga gona da kasuwa ya ɗauki waya, gudu yakan ragu ko da harafin yana nuna 4G. Bayan sallar Asuba kuwa fili ne fetal. Ƙunshin dare da kamfanoni suke sayarwa da araha, daga wajen tsakar dare zuwa asuba, ba kyauta ba ce suke yi. Lokacin ne ƙarafansu suke zaune ba aiki. Ɗalibin da ke da manyan littattafai ko bidiyon darasi da zai sauke ya fi kowa cin moriyarsa, in dai ya sami cajin da zai kai shi, domin a inda wutar lantarki ba ta da tabbas cajin waya ma saye ake yi, kuma wayar da take ta lalube tsakanin 4G da 3G da E ta fi saurin shanye batir.

KUƊIN DA KE CIKI

A watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, karo na farko tun 2013, bisa hujjar tsadar dizal da faɗuwar darajar Naira. Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya ta yi tir da ƙarin. A watan Oktoban 2024 kuwa Gwamnatin Jihar Kano ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 71,000. Ma'aunin da Hukumar Faɗaɗa Intanet ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauka shi ne kada kuɗin data ya wuce kashi 2 cikin 100 na abin da mutum yake samu a wata. In aka ɗora wannan ma'auni a kan ƙaramin albashin Kano, Naira 1,420 ke nan. Ma'aikacin da yake kashe Naira 5,000 a wata kuwa ya ba da kashi 7 cikin 100 na albashinsa.

Tsarin farashin kuma irin na kasuwa ne: mai sayen buhu ya fi mai sayen mudu samun rangwame, mai sayen ƙulli shi ya fi kowa biya. Ƙunshin yini guda yana da sauƙin fitarwa daga aljihu, amma in aka haɗa na kwana 30 aka raba da yawan gigar da aka samu, sau da yawa ya fi na wata tsada. Ma'aikaci mai albashi ya fi dacewa da na wata, ya saya ranar da kuɗi suka shiga. Ɗalibi mai jiran abin da za a aiko masa daga gida tilas takan sa ya bi na yini ko na mako, kuma a nan ne rashin kuɗi yake ƙara masa tsada. Sai dai babban ƙunshi ma yana da tarkonsa, domin in wa'adi ya cika ba a sabunta a kan lokaci ba, ragowar takan tafi.

Shi kuwa ƙunshin da ake cewa ba ya ƙarewa, wanda aka fi sayarwa tare da 'yar na'urar intanet ta gida ko ta ofis, shi ne kaɗai wanda a wani lokaci ake sayar da gudu a cikinsa, a ce megabit kaza kuɗi kaza. Ya kamata a karanta sharuɗɗansa kafin a biya, domin yawancinsu suna da iyakar da in an kai ta sai a rage gudun ƙwarai har ƙarshen wa'adi. Kuma megabit ɗin da aka rubuta iyaka ce ta sama, ba a lamunce ta ba. Ofishin da ke sakatariyar ƙaramar hukuma ko shagon yin rajista mai kwamfutoci da yawa yana iya cin ribarsa in ƙarfen kusa yana da ƙarfi. Mutum ɗaya da waya ɗaya kuwa da wuya ya ci rabin abin da ya biya.

Saboda haka gwajin da ya fi kowane amfani shi ne mai sauƙi. Tun da yawancin wayoyi suna ɗaukar layi biyu, mutum ya sayi ƙaramin ƙunshi a kan kowane layi, ya yi mako guda yana duba ɗan harafin nan a wuraren da yake zama, a gida da ofis ko makaranta, da safe da kuma bayan Isha'i. Layin da ya fi tsayawa a kan 4G ko H+ ba ya faɗawa E shi ne nasa, ko da wani ya fi shi suna a birni, domin layin da ya yi kyau a cikin garin Ajingi ba lalle ne ya yi kyau a Toranke ko Gafasa ba. In kuma aka cire masa kuɗi a kan abin da bai nema ba, kamfani ya ƙi sauraronsa, NCC tana da lambar kai ƙara ta kyauta, watau 622.

Abin da ya rage ba a hannun mai saye yake ba. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar a lokacin da Dokta Isa Ali Pantami yake Ministan Sadarwa, ya ɗauki alkawarin megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara, da giga ɗaya a kan Naira 390, da kuma kai intanet mai gudu ga kashi 70 cikin 100 na jama'a. Megabit 10 ɗin nan, da za a same shi a kowace mazaɓa ta Ajingi dare da rana, ya isa ya sauke takardar ɗalibi cikin daƙiƙa 4, ya ɗauki darasin bidiyo ba tsayawa, ya kuma tura fam ɗin ma'aikaci kafin shafi ya rufe. Alƙaluman NCC na shekarar da wa'adin shirin ya cika sun tsaya ne a wajen kashi 50 cikin 100.